In pankireyas ya lalace, yana komawa aiki?

Akwai wata gaɓa a jikinmu wadda yawancinmu ba mu jin sunanta sai ranar da likita ya ambace ta yana duban takardar awo. Sunanta pankireyas. Wasu suna ɗauka saifa ce, alhali saifa dabam take. Shi pankireyas yana kwance bayan tumbi, tsawonsa kamar santimita 15, kuma tamkar ɗan kasuwa yake mai rumfa biyu. A rumfa ta farko yana zuba wa hanji ruwan da ke narkar da maiƙo da nama da tsaba, lita guda ko fiye a kowace rana. A ta biyu kuwa, wasu ƴan ƙwayoyi da ba su fi kashi 2 cikin 100 na jikinsa ba su ne ke yin insulin, mai kwashe sukari daga jini. Duk wanda aka ce wa wannan gaɓa tasa ta lalace, tambayarsa ɗaya ce: tana komawa aiki?

Na zauna da mutum biyu da suka yi wannan tambaya, kuma amsar da aka ba su ba ɗaya ba ce.

Na farko abokin aikina ne, mutum mai jiki, ɗan shekara arba'in da ƴan kai. Cikin sati uku ƙishirwa da yawan fitsari suka zabge shi, har aka kai shi asibiti bai san inda yake ba. Aka sa shi bisa allurar insulin, muka ce shi da ita sai mutuwa. Amma bayan ƴan watanni likita ya yi ta rage masa ita har ya tsayar, ya bar shi da ƙwaya da kiyaye abinci. Wannan ba abin al'ajabi ba ne ga likitoci. Irin ciwon sukarin nan sananne ne tsakanin mutanen Afirka ta Yamma da baƙaƙen Amurka, har a 1994 aka laƙaba masa sunan Flatbush, wata unguwa ta birnin New York. Ƙwayoyin insulin ba su mutu ba. Yawan sukari ne ya sumar da su, da aka sauke musu kaya suka farfaɗo. Ciwon yana iya dawowa, shi ya sa har yau bai bar zuwa awo ba. Hakanan a Birtaniya, binciken DiRECT na 2017 ya nuna cewa masu ƙiba da ba su daɗe da ciwon sukari ba, da aka sa su rage nauyi sosai, kashi 46 cikin 100 sun kai shekara guda jininsu daidai ba tare da magani ba.

Na biyu yayana ne, ɗan kasuwa. Shi nasa ciwon a hankali ya zo: ciwo a ƙahon zuci bayan cin abinci, mai ratsawa har gadon baya, wanda ba ya lafawa sai ya duƙa ya rungume gwiwa. Daga baya bayan gidansa ya koma mai maiƙo, yana ci yana rama. Hoton ciki ya nuna tsakuwoyi cikin pankireyas. Kumburi ne na shekaru, ya cinye naman gaɓar ya bar tabo, kuma tabo ba ya narkar da abinci, ba ya yin insulin. Likitoci sun ce maiƙo ba ya bayyana a bayan gida sai kusan kashi 90 cikin 100 na aikin narkarwa ya tafi. Hanta in aka yanke rabinta tana tofowa. Pankireyas ba shi da wannan baiwa.

Bari in ɗan ratse. Da an ji sunan wannan ciwo sai a fara raɗa cewa mutum mashayi ne. Gaskiya giya tana gaba cikin masu jawo shi, amma taba ma tana ciki, da gado, kuma tun 1960 aka bayyana a Uganda wani irinsa mai kama matasa da ba su taɓa kurɓar giya ba. Yayana sigari ya sha shekara ashirin. Kumburin farat ɗaya kuma, wanda tsakuwar matsarmama ke yawan haddasawa, wajen 8 cikin 10 na masu shi suna warkewa cikin sati guda ko biyu.

Wahalar ta zo ne ranar da yayana ya ji labarin abokin aikina. Ya kira ni ya ce, "Kai ɗan boko, wancan ya bar allura, ni me ya sa ba zan bari ba?" A hannunsa akwai kwalba ta jikka biyar da ya saya wajen wani mai lasifika a tasha, wai tana wanke ciki ta tsiro da sabon nama. Na ce, "Yaya, jakinsa gajiya ya yi, ya huta ya tashi. Naka ƙafa ya rasa, sai dai a kama masa kayan." Bai ji daɗi ba, amma bai bar allurar ba. A ganina masu irin wannan kwalba sun fi ɓarawon kasuwa ɓarna, don wanda ba ya yin insulin in ya bar allura, rayuwarsa ce ya sa a caca.

Kama kayan kuwa yana yiwuwa. Ruwan narkarwa akwai shi cikin kafso, irin su Creon, ana haɗiya tare da kowane abinci. Daga pankireyas na alade ake samo shi, abin da ya sa yayana ya tuntuɓi malaminsa, aka karanta masa hukuncin larura. Insulin, wanda Banting da Best suka fitar a Toronto a 1921, shi ke riƙe rumfa ta biyu, sai dai da hattara: mai irin wannan tabo sukarinsa yana faɗuwa da sauri, don haka ƙwayar sukari ba ta rabuwa da aljihunsa. Barin taba da giya ba ya mayar da abin da ya tafi, amma yana tsare saura. In tsakuwa ta toshe magudana, ana fitar da ita ta bututu ko ta hanyar fiɗa, ciwon ya ragu.

Dashe fa? An fara dasa pankireyas a Minnesota ta Amurka a 1966. A 2000 likitocin Edmonton ta Kanada suka dasa ƙwayoyin insulin kaɗai ga mutum 7, duka suka bar allura na wani lokaci. A 2025 kuma aka ba da labarin mutum 12 da aka sa wa ƙwayoyin da aka raina a ɗakin bincike, 10 suka kai shekara ba allura. Amma duk waɗannan sai da maganin hana jiki ƙin baƙon nama, mai tsada kuma mai nasa haɗari, kuma yawanci don masu ciwon sukari na ƙuruciya ake yi.

Abin da ya fi damun yayana shi ne zafin bazara da ɗaukewar wuta. A 2021 ƙungiyar MSF da jami'ar Janeba suka gwada insulin cikin zafi mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka tarar bai rasa ƙarfinsa ba har sati huɗu, wato tsawon lokacin da akan yi amfani da kwalbar da aka buɗe. Tamu bazarar takan wuce haka, shi ya sa in firigo ya tsaya yake sa tasa cikin ƙaramin tulu da jiƙaƙƙen rairayi, a inuwar rumfa.