Mutumin da Ya Tsara Mutuwarsa

Ran nan wani abokina ya matsa mini sai na zo mu kalli wani wasan silima mai suna Mishima, wanda wani Ba'amurke, Paul Schrader, ya shirya a 1985. Na je ba da son raina ba, na komo gida barci ya gagare ni.

Shi Yukio Mishima mawallafi ne na ƙasar Japan, an haife shi a 1925. Kakarsa ce ta raba shi da uwarsa, ta tsare shi a ɗakinta, ya tashi ba ƙwari. Da ya girma sai ya shiga ɗaga ƙarfe, har ya kafa ƙungiyar samari masu kayan sarki, don yana ganin Japan ta zubar da girmanta tun da aka ci ta da yaƙi a 1945. Ran 25 ga Nuwamba, 1970, shi da yaransa huɗu suka shiga barikin soja a Tokyo, suka ɗaure babban hafsa. Ya fito bisa bene ya kira soja su tashi su mayar wa Sarki da darajarsa. Suka yi masa eho. Ya koma ciki ya farke cikinsa.

To, abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda aka jera labarin. Ba a bi shi daga goyo zuwa kabari ba. Ƙuruciyarsa baƙi da fari ce, ranarsa ta ƙarshe da launi irin na kullum. A tsakani kuma aka tsakuro littattafansa uku, aka yi wasansu cikin ɗakuna masu launi mai ɗaukar ido. A ɗaya, wani almajiri mai i'ina ya ƙone ɗakin ibada na zinariya don kyansa ya dame shi, abin da kuwa ya faru a Kyoto a 1950. Sannu a hankali mai kallo zai gane duk mutum ɗaya ake nuna masa, yana gwajin ajalinsa a takarda.

Amma ina da ƙorafi. Kiɗan Philip Glass da ƙawar hotunan sun yi wa ɗanyen aiki ado, har na sami kaina ina jinjina wa abin da zuciyata ta ƙi. Akwai saurayi, Morita, ɗan shekara 25, wanda ya bi shi ya mutu a ɗakin nan. Silimar ba ta daɗe a kansa ba. Ni kuwa shi nake ta tunani a hanyar gida, da dangin da aka kai wa labari.