Ranar Da Hotuna 312 Suka Ƙi Buɗewa

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, wani abu ne da ya faru da ni, wanda ya kusa raba ni da littafina na farko, kuma na san akwai marubuta da yawa da zai iya faruwa da su.

Littafin na rubuta shi ne da biro tun ina aji biyar na sakandare, a cikin littattafan rubutu irin na 'yan makaranta guda shida. Ban taɓa buga shi ba, har na fitar da rai cewa ya ɓata. Sai bayan rasuwar Innarmu, Allah ya jiƙanta, muna kwashe kayanta muka tarar da su a ƙasan adakarta, naɗe cikin tsohon zani. Innar da ba ta iya karatun boko ba, wadda take yi min faɗa kullum wai rubuce-rubuce ya hana ni aikin gida, ashe ita ce ta adana min su duk tsawon shekarun nan. Ranar na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza.

Takardun sun yi laushi, gara ta ɗan taɓa gefensu, don haka na ƙi kai su shagon mai buga min rubutu. Na zauna dare biyu da wayar iPhone da ƙanena ya ba ni, na ɗauki hoton kowane shafi, suka kama 312 cif. Yaron shagon ya ce, "Hajiya, kada ki turo su a matsayin hoto ta WhatsApp, matse su yake yi, rubutun zai dushe. Ki turo a matsayin fayil." Haka na yi. Da na ga sun tafi, wayar kuma tana ta ƙorafin cikewa, sai na goge su gaba ɗaya, har daga kwandon da suke zama na kwana 30.

Wannan a daminar 2024 ne. Sati bai zagayo ba aka yi wani ruwan dare, rufin ɗakina ya yi yoyo daidai kan durowar da na ajiye littattafan. Kafin asuba tawada ta narke, shafuka sun manne kamar ƙullun tuwo. Na yi salati, na ce alhamdu lillahi tunda akwai hotuna.

Kwana uku bayan haka yaron ya kira ni. "Hajiya, akwai matsala fa. Babu ko ɗaya da ya buɗe. Ina ga sun lalace." Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Ni da na saba sa jarumaina su ce duniya ta yi musu duhu, ranar na san yadda abin yake. Na shiga adaidaita sahu na je shagon, ya nuna min kwamfutar: fayiloli jere, kowanne da suna da lamba, a ƙarshensa an rubuta HEIC, in ya danna sai ta ce ba ta san abin ba. Ya kawo shawarar mu ɗora su a wani shafin intanet da ke juya hotuna kyauta. Na ce a'a. Mu marubuta mun san zafin satar fasaha, ba zan miƙa littafin da ba a buga ba ga wanda ban san ko waye ba.

Na koma gida ko abinci na kasa ci. 'Yata ta biyu ce ta dawo daga makaranta ta tarar da ni haka, da ta ji bayani sai ta yi murmushi ta ce, "Umma, ba su lalace ba, yarensu ne kwamfutar ba ta ji. Kawo wayar."

Ga abin da na fahimta daga bakinta da kuma karatun da na yi daga baya. Hoton da muka saba da shi sunansa JPEG, an tsara shi tun 1992, shi ya sa babu na'urar da ba ta san shi ba. A 2017 kamfanin Apple ya fito da manhajar iOS 11, daga nan wayoyinsa, tun daga iPhone 7 zuwa sama, suka koma adana hoto a tsarin HEIC. Amfaninsa shi ne yana cin kusan rabin wurin da JPEG ke ci, kyawun hoton kuma bai ragu ba. Wasu wayoyin Samsung ma suna da irin wannan zaɓin. Ita kuwa kwamfutar shagon Windows 7 ce, wadda ta fito a 2009, shekara takwas kafin a haifi wannan tsari a iPhone. Yaya za ta gane shi? Masu Windows 10 da 11 suna iya sauke ƙarin manhaja daga shagon Microsoft su buɗe, amma tsohuwa irin wannan sai dai a kai mata abin da ta sani.

Na tambaye ta me ya sa hotunan biki da nake tura wa mutane suke buɗewa lafiya. Ta ce idan an tura a matsayin hoto, WhatsApp ne ke juya shi zuwa JPEG da kansa, ya kuma rage masa nauyi. Idan aka tura a matsayin fayil kuwa, yadda yake haka zai je. Wato shawarar yaron daidai ce, abu ɗaya ne ya rage ba mu sani ba, ni da shi.

Ikon Allah, ban goge hirarmu da shi ba, fayilolin suna nan. Ta adana su a cikin manhajar Files ta wayar, ta zaɓe su rukuni-rukuni, ta danna ɗigo ukun nan na ƙasa, ta zaɓi Convert Image, sannan JPEG, ta bar girmansu na asali don kada rubutun ya dushe. Kafin sallar isha'i an gama. Sannan ta shiga Settings, ta je Camera, ta je Formats, ta ɗauke alamar daga High Efficiency ta mayar kan Most Compatible, ta ce daga yau duk hoton da na ɗauka JPEG ne, sai dai wayar za ta fi saurin cika. Na ce ta cika ɗin, na yarda.

Washegari na tsaya a bayan yaron ya danna fayil na farko. Sai ga rubutuna na ƙuruciya ya cika fuskar kwamfutar, a karkace, har da tabon manja a kusurwar shafin, wanda na tabbata daga madafin Inna ya samo asali. Yaron ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce lafiya lau, ci gaba da aikinka.

'Yan uwana marubuta, musamman mu da har yanzu biro ne abokin aikinmu, ku ɗauki darasi daga kuskurena. Kada ki goge hoto daga wayarki sai wanda kika tura wa ya buɗe shi a gaban idonsa ya tabbatar miki. Ki fara tura shafi ɗaya a gwada kafin ki tura ɗari uku. Idan kin juya hoto zuwa JPEG ki ajiye na asalin, domin duk lokacin da aka gyara JPEG aka sake adana shi yana ɗan rage kyau. Sannan ki ajiye kwafi a wuri biyu, don Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Yanzu an gama buga littafin a kwamfuta, ina kan gyara, ina ta dariyar irin kalaman da na iya tsarawa ina 'yar shekara 17. Shafin sadaukarwa kaɗai na kammala, sunan Inna ne a kai. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa ta a addu'a. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa mu cika da imani. Amin.