Dimitar Penev Da Yaran Aji Ɗaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin makarantarmu da la'asar ya san yadda ake rabon wuri in za a buga tamaula. Kowa gaba yake so. Wanda aka tura baya sai ya tafi yana gunaguni, kamar an aike shi sharar makewayi. Ni kuwa tun ina aji ɗaya baya aka ajiye ni, wai don ina da tsawo kuma ba ni da sauri, har yau da nake aji biyar ban taɓa cin ƙwallo a gasar gidaje ba. Bana kuma malamin wasanni ya ɗora mini horar da yaran aji ɗaya na gidanmu ran Asabar da yamma. Abin da ya sa ke nan nake son in ba ku labarin wani mutumin ƙasar Bulgeriya mai suna Dimitar Penev, wanda shi ma baya ya tsare, daga bisani ya goyi yara.

Iyayenmu sun san Bulgeriya sarai. Ran 21 ga Yuni 1994, a birnin Dallas na Amurka, Nijeriya ta buga wasanta na farko a gasar cin kofin duniya, ta lallasa Bulgeriya da ci uku ba ko ɗaya. Rashidi Yekini ya fara, ya kama raga yana girgizawa, Daniel Amokachi ya ƙara, Emmanuel Amunike ya cika. Mahaifina ba ya gajiya da wannan labari, kuma ba ya mantawa ya ce biyun farko a Kaduna aka haife su. Amma nan yake tsayawa. Da na bi diddigin waɗanda aka lallasa, sai na iske sun fi mu nisa a gasar, kuma mai horar da su shi ne Penev.

An haife shi a 1945 a wani ƙauye kusa da Sofiya, babban birnin ƙasar. Ya fara da ƙungiyar Lokomotiv, sa'an nan ya koma CSKA, watau ƙungiyar soja, inda ya tsare tsakiyar baya har 1977. Ya buga wa ƙasarsa wasa 90, ya je gasar kofin duniya sau uku, a 1966 da 1970 da 1974. Sau biyu aka zaɓe shi gwanin 'yan wasan Bulgeriya, a 1967 da 1971, abin da ba safai mai tsaron baya kan samu ba. Duk da haka a zuwa ukun nan ƙasarsa ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Ku dubi wannan, jama'a: mutum ya yi ta tare mutane shekara da shekaru, ya koma gida hannu rabbana.

Inda labarin ya fi kama ni shi ne shekarar 1985. A wasan ƙarshe na cin kofin ƙasar, CSKA da abokiyar gabarta Levski suka kaure da faɗa a fili, har aka taɓa alƙalin wasa. Gwamnatin kwaminisanci ta wancan zamani ta fusata, ta rushe ƙungiyoyin biyu, ta sake musu suna, CSKA ta zama Sredets, Levski ta zama Vitosha. Aka hana waɗansu 'yan wasa buga ƙwallo har iyakar ransu. A cikinsu akwai wani saurayi ɗan shekara 19, mai ƙafar hagu da zafin zuciya, sunansa Hristo Stoichkov. A wannan shekara, cikin wannan tarnaƙi, aka danƙa wa Penev ƙungiyar.

Da samari ya sake gina ta. Akwai Emil Kostadinov, akwai Lyuboslav Penev, ɗan ɗan'uwansa, daga baya Trifon Ivanov mai gemu ya zo ya tsare baya. Da hukuma ta sassauta hukuncin Stoichkov ya dawo, Penev ya sa shi a gaba. Suka zama zakarun ƙasar a 1987 da 1989 da 1990. A 1989 suka kai wasan kusa da na ƙarshe a wata gasar Turai, suka gamu da Barcelona ta Sifen. An fitar da su, amma Stoichkov ya ci ƙwallaye a karawar, kuma a 1990 Barcelona ta saye shi. Kada wani ya zaci yaron ya zama salihi. A shekarar da ya isa Sifen ya taka ƙafar alƙalin wasa, aka dakatar da shi. Hali zanen dutse ne. Abin da Penev ya gane shi ne zafin nan da ke jawo faɗa, shi ne kuma ke hana yaron yarda a ci su.

A 1991 aka ba shi ƙungiyar ƙasa, ya kwashi yaransa. Ran 17 ga Nuwamba 1993 a birnin Faris, kunnen doki ya ishi Faransa ta tafi Amurka, ana ɗaya da ɗaya har minti na ƙarshe, sai Lyuboslav ya ɗaga wa Kostadinov ƙwallo, ya narka ta a raga. Faransa ta zauna gida. A Amurka kuwa, bayan kashin da suka sha a hannunmu, suka ci Girka huɗu ba ko ɗaya, wanda shi ne wasan farko da Bulgeriya ta taɓa ci a wannan gasa, suka ci Ajantina biyu, suka fitar da Meziko da bugun fenariti. Sa'an nan Jamus mai riƙe da kofi ta fara cin su, Stoichkov ya rama, Yordan Letchkov mai sanƙo ya sa kai ya ƙara. Italiya ce ta tsai da su, kamar yadda ta tsai da mu, suka ƙare na huɗu. Stoichkov ya ci shida a gasar, kuma a ƙarshen shekara aka ba shi kyautar gwanin Turai.

To, ga abin da ya kawo ni. A cikin yarana goma sha takwas akwai wani ɗan tsurut, ba zan faɗi sunansa ba, amma 'yan gidanmu sun gane shi. Ba takalmi yake bugawa, domin nasa ya yage tun zangon farko. In an ƙwace masa ƙwallo sai ya bi mutum har bakin gola yana hawaye. Watan jiya wani ɗan aji uku ya yi masa ƙeta da gangan, ya tashi ya kai masa naushi. An yi masa bulala a gaban jama'a, ya yi yankan ciyawa na mako guda, kuma hukuncin ya yi daidai, don ƙarami ba ya ɗaga wa babba hannu. Amma sai manyan gidanmu suka ƙara da cewa ba shi ba filin wasa har ƙarshen shekara.

Ni daga baya nake kallon wasa, kuma mai tsaron baya yana ganin fili duka, har da abin da na gaba ba su gani. Na ga yaron nan yana dawowa ya taya mu tsaro alhali ba wanda ya sa shi. Na kuma ga inda yake zama yanzu ran Asabar, can bayan ɗakin cin abinci, tare da waɗanda kowa ya san abin da suke yi a wurin. Ban ce zai zama Stoichkov ba, watakila ma ya bar ƙwallo kafin aji uku. Roƙona ga Malam da shugaban gidanmu shi ne a dawo mini da shi kafin gasar gidaje ta zango na uku. Na yi masa tanadin tsofaffin takalmana, sun yi masa yawa, amma za mu cusa takarda a ciki.