Kama da Wane Ba Ta Wane

Bara da kaka, bayan an gama zuba gero a rumbu, gwaggona da ke zaune a Kusada ta aiko mini Kankiya, wai ɓeraye sun dame ta, in nemo mata kyanwa. Ni kuwa na ga ba girmana ba ne in kai mata irin magen nan da ke yawo bisa katanga. Ana nan sai na gamu da wani mutum ya sauko daga motar Kano, riƙe da 'yar kyanwa fara fat, mai shuɗin ido. Ya yi ta rantsuwa irin ta ƙasar Farisa ce. Na ƙirga masa kuɗin da ya isa sayen ɗan akuya, na tafi ina taƙama.

Da na isa Kusada na durƙusa na gai da Gwaggo, na buɗe kwando. Ta dubi kyanwa, ba ta ce uffan ba. Sai ta zaga bayanta ta tafa hannu sau uku. Kyanwa ko kunne ba ta kaɗa ba. Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ai kurma ka sayo mini. Ina za ta ji motsin ɓera cikin duhu? Ga wata 'yar ƙarama can mai launi uku a ƙofar maƙwabta, je ka roƙo mini ita. Mace ce, za ta haihu."

Na ce, "Gwaggo, daga nan kika gane mace ce?"

Ta ce, "Tun da nake ban taɓa ganin muzuru mai launi uku ba."

Kunya ta kama ni, amma ban yarda ba sai da na koma gida na duba littattafai. Ashe launi ba ya nuna asali. Kyanwar Farisa da dogon gashi ake gane ta, da gajeren hanci, da gajerun ƙafafu. Tawa kuwa gashinta gajere ne. Farar kyanwa mai shuɗin ido, ko a wace ƙasa take, sau da yawa kurma ce. Batun launi uku kuma, ja da baƙi suna bin wata ƙwayar gado da masana ke kira X. Mace tana da biyu, namiji ɗaya, don haka da wuya ƙwarai ya haɗa launukan nan duka.

Har wa yau na karanta cewa kyanwoyin gida duka zuriyar kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya. A tsibirin Kubrus an tono kabarin mutum da kyanwa kusa da shi, mai shekara wajen 9,500. Amma raba su iri-iri da sunaye sabon abu ne. A 1871 aka yi babban bikin nuna su na farko a Landan. Yawancin kyanwoyin duniya ba su da wani iri, sai dai kyanwa.

To, jama'a, kama da wane ba ta wane. Geron Gwaggo ya kai damina lafiya. Farar kuwa tana gidana a Kankiya, ina ciyad da ita, don wanda ya ɗauko amana ba shi da damar yar da ita. Kullum na kira ta ba ta waiwayo ba, sai in tuna da tafin Gwaggo.