Motar Alfarma a Hanyar Toranke

A daminar da ta wuce na raka ɗan yayana zuwa Toranke, a Ƙaramar Hukumar Ajingi, domin ya duba gonar da ya gada. Niyyarsa ya sayar da ita, ya cika kuɗin motar da muke ciki: jar Marsandi mai ƙofa biyu, wadda aka ƙara wa injinta ƙarfi, aka kwantar da ita har cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Dillali ne ya ba shi ita ɗani, yana cewa irinta kaɗan aka ƙera.

Daga Kano zuwa gadar Wudil ta nuna bajinta, ban ƙi gaskiya ba. Muka wuce Gaya, garin da tarihi ya ce daga nan maƙeran Abagayawa suka tashi zuwa Dutsen Dala neman tama. Da muka sauka daga kwalta muka nufi gonar, sai labari ya sha bamban. Kowane tudu sai ya kankari cikinta, kowane kududdufi sai mun tsaya shawara. Amalanken shanu ɗauke da taki ya wuce mu, yaron da ke kora su yana yi mana sannu.

"Baffa, ai irin wannan ba ta faɗuwa a kasuwa," in ji shi. Maganarsa tana da tushe. A 2022 an sayar da Mercedes 300 SLR Uhlenhaut, ɗaya daga cikin biyu kacal da aka ƙera a 1955, a kan Yuro miliyan 135. Sai dai wannan farashi na masu ajiya ne, masu takardun tarihin mota da kasuwar gwanjo. A nan kuwa darajar mota tana ga hanyar da za ta bi, da bakaniken da ya san cikinta, da kayan gyaran da za a samu a Ƙofar Ruwa, da man da za ta sha tun bayan cire tallafi a Mayun 2023.

Na tuna masa Fijo 504 da a da ake haɗawa a Kaduna. Ita ma ta ci gasar tseren Safari ta Kenya a 1975, amma abin da ya saya mata ƙauna a Arewa shi ne tana kai mai naƙuda asibiti, kuma kowane gareji ya san ta. Tasa kuwa kyan ɗan maciji ce.

Muka ƙarasa gonar a ƙafa. Gero ya yi bununi, gyaɗa ta rufe kunya. Ya daɗe a tsaye bai ce uffan ba. Washegari ya mayar wa dillali makulli, gonar kuma tana hannunsa har yau.