Ƙugiyar Riɗi

Mu Hausawan Gadarif da haruffan Larabci muka tashi, a allo da makaranta. Boko daga baya na koya, kuma zane da haruffa a kwamfuta ne ya sa ya shiga raina.

Aikin kamar ɗinkin hula yake, gida-gida ake ƙirgawa. Fuskar tsohuwar kwamfuta layi 25 ce, kowanne da gida 80, don haka dole faɗin haruffa ya zama ɗaya. Na Larabci kuwa riƙe suke da juna, da ka raba su gida-gida sai kalma ta watse.

Bokon ma bai gama karɓarmu ba. Tsarin ASCII na Amurka, na 1963, gurbi 128 gare shi, babu ƙ, ɗ ko ɓ. Manhajar FIGlet ta 1991 tana gina manyan haruffa da ƙananan alamomi, amma a wurinta dole ƙasa ta koma kasa.

Sa'ar ita ce, kowa na iya buɗe fayil ɗin haruffanta ya ƙara nasa. Na zana ukun nan da kaina. Yanzu riɗi, abin taƙamar Gadarif, da ƙugiyarsa yake fitowa.