Saƙon da ya yi kwana goma sha ɗaya a kwandon shara

Wata Asabar da yamma ina kasuwar Mile 12, wani dattijo daga cikin mambobinmu ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam Sakatare, me 'yata ta yi muku da ba ku sanar da ita maganar tallafin karatu ba?" Na ce, "Baba, ai kowa na aika wa." Ya kira yarinyar a waya, ta rantse ba ta ga komai ba. Washegari da ta zo muka buɗe imel ɗinta tare, sai ga saƙona kwance a wurin da Gmail ke kira Spam, tsakanin tallan caca da na maganin ƙiba. Kwanansa goma sha ɗaya a can. An rufe karɓar fom tun ranar Laraba.

Da farko na'ura na zarga. Da wani ƙanena mai aikin kwamfuta a Ikeja ya duba yadda nake aikawa, dariya ya yi, ya ce, "Yaya, ko ni ne Gmail ba zan yarda da kai ba."

Ga abin da nake yi. Mun sayi suna na kanmu a intanet, muka kama haya a sabar wani ƙaramin kamfani, daga can saƙonnin ke fita zuwa mutum sama da 300 a lokaci guda. Amma a gurbin sunan mai aikawa, adireshina na Gmail na sa, don mutane su gane ni. Wato wasiƙa tana cewa daga gidan Gmail ta fito, alhali daga wani gida daban aka ga ta fito. Haka 'yan damfara ke yi. Kan saƙon kuma na rubuta da manyan baƙaƙe: ALBISHIR, TALLAFIN KARATU, CIKA FOM YANZU. Mu da muke ƙasar da aka san lambar 419, ya kamata in ji kunyar wannan tun kafin a faɗa mini.

Duk wanda ya san yadda fatake ke sauka a Sabo ta Ibadan ko Agege zai gane gyaran da sauri. Baƙo ba ya shiga ciniki sai da mai masaukin da zai ce, na san shi, ni na tsaya masa. Imel ma haka yake, kuma masu tsaya masa uku ne, duk a cikin bayanan sunan da kuka saya ake rubuta su. SPF shi ne jerin sabobin da kuka yarda su aika saƙo da sunanku. DKIM hatimi ne da ake buga wa kowane saƙo, mai karɓa ya gwada ya tabbatar ba a taɓa shi a hanya ba. DMARC kuma umarninku ne kan abin da za a yi da saƙon da ya zo da sunanku amma ya kasa waɗancan biyun. Mu ko ɗaya ba mu da shi. Ƙanen nawa bai yi awa guda ba ya saka su, ya kuma canza mai aikawa zuwa adireshin da ke ɗauke da sunanmu.

Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara. A wajen Gmail, kowane mai aikawa sai da SPF ko DKIM, wanda kuwa ke aika kusan 5,000 a rana sai ya haɗa duka ukun, ya kuma ba mutane hanyar fita da dannawa ɗaya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne iyakar ƙorafi: kada masu danna Spam su kai kashi 0.3 cikin 100, wato 3 cikin 1,000. Na yi lissafi da namu 300, na ga mutum ɗaya ya isa. Kuma na san akwai waɗanda na kwafi adireshinsu daga takardar halartar taro ba tare da na tambaye su ba, wasu ma sun koma gida Arewa tuntuni. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp. Wanda ya ce ba ya so na cire shi, adireshin da saƙo ke dawowa daga gare shi ma na goge. Mun ragu sosai, ban kuma yi baƙin ciki ba.

Kwamiti bai sake buɗe fom ba, sun ce in an yi wa ɗaya sai an yi wa kowa. Ban ga laifinsu ba, amma ni na je gidan Baba na faɗa masa da bakina cewa sakacina ne. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, baɗi sai ka kira ni."

Yanzu kafin kowace sanarwa nakan fara aika ta zuwa adireshin gwaji biyu, ɗaya na Gmail ɗaya na Yahoo, in ga inda ta sauka. Ku ma idan kun tarar da saƙonmu a Spam, ku danna cewa ba shara ba ne, ku ajiye adireshin cikin sunayenku. Lambar Baba kuwa tana rubuce a bangon littafin minti.